Golmo a Ƙarƙashin Mota

Ina da shekara goma sha biyu aka ɗora motar babana a kan bulo huɗu, a rumfar kwanon da ke bayan gidanmu a Rikoto. MG ce koriya mai kujera biyu kacal, ba ta da rufi sai tamfol da ake ja in hadari ya taso. Wani Bature da Baba ya yi wa direba a barikin Kaduna ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Baba ya hau ta shekara goma sha bakwai, har ranar da yake dawowa daga Mahuta ya ga allurar agogon man inji ta kwanta. Nan take ya kashe inji, ya sa aka jawo ta gida da igiya. A 1994 ke nan. Tun daga ranar bai yarda wani makanike ya sa mata sifana ba, wai duk makanikan Zuru Fijo suka sani, ita kuwa ba Fijo ba ce.

Duk unguwa Manjo ake kiransa, don a Sajan Manjo ya ajiye kaki. Ni ne autansa, Mika. A aji uku na sakandare na rataye jaka. Na yi kabu-kabu wata takwas, na yi yaron mota tsakanin Zuru da Kontagora, sau biyu ina zuwa ɗibar soja ana maido ni don ba takarda. Inda na fi daɗewa shi ne garejin Arzika a bakin tasha, shekara ɗaya da rabi, shi ma na bari ba tare da mun yi faɗa ba. Baba kan ce ni kaza ce mai jin ƙwai, ko'ina sai na tsuguna in tashi.

Motar ce kaɗai ban taɓa gundura da ita ba. Duk Asabar sai na kore kaji na wanke ta. Duk wata sai na kwance fulogi na zuba cokalin mai a kowane rami, in juya injin da hannu don kada ya ƙafe, kamar yadda Arzika ya koya mini. Sau uku ina roƙon Baba ya bar ni in buɗe ta. Na ukun ko kallona bai yi ba, ya ce, "Wanda bai gama aji uku ba, inji zai gama?"

Sai ga Japhet.

Shi ne mai neman yayata Rebecca. Ya yi makarantar fasaha a Kaduna, ya dawo yana aiki a wani wurin gyaran injinan noma, kullum da biro biyu a aljihun riga. Mutum ne mai fara'a, wannan ba zan hana shi ba. Wata Lahadi cikin Nuwamba ya zo gaisuwa bayan an tashi sujada, ya durƙusa gaban Baba, ni ina gefe ina gyaran rediyo.

A wurinmu Dakarkari, da can saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya yi shekaru yana noma wa uban yarinya. Baba shekara bakwai ya yi a gonar kakana, kuma ba ranar da ba ya faɗi.

"Ku yaran yanzu kun huta," in ji Baba. "Riga mai guga, takalmi mai sheƙi, sai a ba ku ɗiyar mutane. Ina golmonka?"

Japhet ya yi dariya ya ce, "Baba, a nuna mini gona, gobe da asuba ina ciki."

"Gonata na bar wa ƙanena a ƙauye. Amma ina da wata." Ya nuna bayan gida da sandarsa. "Ga ta can. Shekara goma ba a nome ta ba. In ka tashe ta, ka yi golmonka. Idona ya yi yana, ba ni iya tuƙi, amma ina so ranar tunawa da 'yan mazan jiya in shiga filin fareti cikinta. Wanda ya tashe ta shi zai tuƙa ni, makulli kuma ya zauna hannunsa."

Sukudireba ta kuɓuce mini ta faɗi a siminti. Na ce, "Baba, ni fa?"

"Kai mi?"

"Ni na san motar nan."

"Ka san wanke ta. Golmonsa ne, kada in ga hannunka a ciki."

Rebecca da ke laɓe a ƙofar kicin ta saki dariya. Japhet ya juyo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, kada ka damu. In na tashe ta, zan riƙa ba ka kana wankewa kamar da."

Wasa ne irin na mijin ya da ƙanen mata, kowa ya yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Daga ranar, kullum ya tashi aiki da la'asar sai ya zo da akwatin kayan aikinsa da wani littafin Turanci mai hotunan inji da ya samo a Kaduna. Baba ya sa a kai masa kujera bakin rumfa, ya zauna yana ba shi labarin yadda motar ke cin hanyar Zariya, labaran da ni ban taɓa ji ba. Rebecca ta kawo kunu a kwanon sha mai murfi, wanda ake ajiye wa baƙi. Ni kuwa in zauna kan turmi a kife, hannu a hammata, ina kallo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya iya aikin. Na so a ce bai iya ba. Ya wanke tankin fetur, ya gyara kafireto, ya kawo batir da tayoyi na hannu. Ranar da ya sa sifana ya juya injin ya ji ya tafi sumul, ya ce, "Baba, wannan inji Allah ya tsare shi. Shekara goma a ajiye bai ƙafe ba!"

Baba ya ce, "Ƙarfen Ingila ke nan."

Na buɗe baki zan ce cokalin maina ne, sai na ga ba wanda ke kallona, na rufe.

A makon Kirsimeti ya kai ga ainihin ciwon. Ya kwance notin ƙasa, baƙin mai ya fito da ƙyar kamar kwalta. Ya sauke kaskon da ke ƙarƙashin inji, noti goma sha takwas, ya jera su kan kwali. Laka ce cike a ciki, rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta ta toshe gaba ɗaya, haƙoran famfon kuma sun cinye. Ya ɗauki tsohon famfon ya shiga motar Kaduna, kwana uku ya dawo da wani mai kyau daga Panteka, a nannaɗe cikin jarida kamar jariri.

Abin da bai samo ba shi ne gaskit, takardar nan da ake sakawa tsakanin famfo da jikin inji don kada mai ya tsiyaye. Dole a yanka sabo.

A garejin Arzika ba a auna gaskit. Kwali ake ɗorawa kan fuskar ƙarfen, a ɗauki 'yar guduma mai kan ƙwallo a bi shi a hankali ana ƙwanƙwasawa. Bakin ƙarfen da kansa yake yanka kwalin, duk inda rami yake sai ya faɗa. Arzika kan ce ido yana mantuwa, guduma ba ta yi. Na yi ɗari ko fiye da haka.

Ranar Talata ce, huɗu ga Janairu. Japhet ya shimfiɗa takardar gaskit mai kauri da ya kawo daga wurin aikinsu, ya ɗora tsohon gaskit ɗin da ya yage a kai, ya fito da rula da biro yana zanawa.

Na ce, "Injiniya, ba haka ake yi ba. Kawo guduma."

"Guduma a kan famfon da na sha wahala na samo? Ka ji injiniyan gindin bishiya! Ku komai sai duka, shi ya sa motocin tasha ke tari."

Baba ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. "Faɗa masa dai. Kai Mika, mi na ce maka?"

Na koma kan turmina.

Ya yanka da reza, tsaf, gefe ya fita kamar na kanti. Ya shafa giris ya manna shi a fuskar famfon, ya ajiye kan tabarma. Rebecca ta kira shi ya zo ya ci tuwo tun da zafi, Baba ma ya tashi ya bi su.

Ba da wata niyya na ɗauki famfon ba, so nake kawai in ji nauyinsa a hannuna. Na bi takardar da babban yatsa, sai na ji ta lotsa a wani wuri. Na ƙara dannawa. Rami ne a ƙasa, faɗin kan yatsa, takarda ta rufe shi ruf. Na duba tsohon gaskit ɗin, ashe daidai wurin ne ya yage ya ɓace, shi ya sa biro bai zana shi ba. Ta ramin nan mai ke wucewa. In a rufe yake, famfo zai yi ta juyi ne a banza, ko ɗigo ba zai kai inji ba.

Akwai ƙusa a ƙasa kusa da ƙafata. Aikin ƙiftawar ido ne. Daga tsakar gida na ji muryar Baba yana cewa, "Ƙara masa nama, ɗana ya yi aiki." Na mayar da famfon kan tabarma yadda na same shi, na goge yatsana a wando.

Ina zaune ya dawo ya kwanta a ƙarƙashin mota ya ɗaura shi. Ina zaune ya mayar da rariya, ya mayar da kasko, ya ɗaure noti goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya yana fito. Washegari ya sa sabuwar filta ya zuba mai, galan guda da ɗoriya. Baba ya ce ranar Asabar za a tayar, saura mako ɗaya ke nan fareti, zai kira abokansa su shaida.

Ranar Alhamis na bi ta gareji. Arzika na cikin bonet ɗin wata Fijo, na tsaya ina miƙa masa sifana kamar da.

Na ce, "Oga, inji in ba mai, minti nawa yake yi kafin ya buga?"

"In an shafa wa mital da sauran ƙarafen ciki mai wurin ɗauri, biyu ko uku. In mai shi na da uwa a gindin murhu, huɗu." Ya ɗago kai ya dube ni. "Mi ka aikata?"

"Ba abin da na yi."

"To. Wanda bai yi komi ba shi ka zuwa da irin wagga tambaya?"

Na ce masa ana jirana a gida.

Gaskiya kuwa ban yi komai ba, haka na riƙa gaya wa kaina kwana huɗu. An ce kada in sa hannu, ban sa ba. Na riƙa hango fuskar Japhet lokacin da injin zai yi ƙara ya tsaya, da yadda biron nan biyu za su zama abin dariya, da yadda Baba zai juyo yana nemana. Abin da na ƙi hangowa shi ne motar bayan haka. In injin nan ya buga, ba inda za a samo karanshaf ɗinsa, babban ƙarfen da ke juyi a cikinsa, ko a Panteka. Duk lokacin da wannan ya zo mini sai in tashi in fita yawo.

Asabar da hantsi tsofaffin sojoji biyar suka zo, biyu da hulunan soja da suka koɗe. An sauke motar daga bulo, an turo ta tsakar gida. Ni na wanke ta da safe, ba wanda ya sa ni. Baba ya yi addu'a gajeruwa, ya ciro makulli daga aljihun gaba, ya miƙa wa Japhet da hannu biyu. Tun ina yaro ban taɓa riƙe makullin nan ba.

Japhet ya shiga ya zauna. Bonet a buɗe, ni ina tsaye a gefensa. Ya murɗa, ta yi tari. Ya sake, ta yi tari biyu ta yi shiru. A na uku ta kama.

Ban san na manta muryarta ba sai da na ji ta. Ƙara ce mai kauri, daga ƙasa take fitowa, har cikin ƙirji. Hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, Rebecca ta rangaɗa guɗa. Tsofaffin suka hau tafi, ɗaya ya ƙame ya sara wa motar. Baba ya dafa ƙofa.

"Allura fa?" ya ɗaga murya. "Allurar mai ta tashi?"

Japhet ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da farce. Ya sake ƙwanƙwasawa. "Ba ta motsa ba, Baba, amma agogon ne. Shekara goma, dole ya mutu. Ji muryar inji mana, lafiya lau!"

"Awo, na ji ta. Ba ta wuta kaɗan!"

Ya taka. Ni ina ƙirge a zuci, na kai arba'in, na kai sittin. Abin da na kwana huɗu ina jira ke nan, ga shi yana zuwa. Sai na ji wani ɗan sauti daga saman inji, siriri, kamar ana kaɗa cokali a gilashi. Ba wanda ya ji sai ni, don tafi ya cika gidan. Ƙarfe ne ke cin ƙarfe a bushe. Na san abin da ke biye da shi, na sha ji a tasha.

Ban san lokacin da na miƙa hannu na fizge wayar koyil mai kai wa fulogi wuta ba. Wuta ta ja ni har gwiwar hannu. Injin ya yi gurnani ya mutu.

Tafi ya tsaya.

"Wa ya kashe ta?" in ji Baba.

Rebecca ta ce, "Mika ne! Na gan shi, waya ya cire. Wallahi yaron nan baƙin ciki zai kashe shi."

Baba ya juyo da sandarsa a ɗage. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ga abokansa na kallo. "Don ba kai ka tashe ta ba? A gaban mutane?"

"Ba mai a injin, Baba."

"Ni na zuba da hannuna," in ji Japhet yana fitowa. "Galan guda da ɗoriya. Zaro sandar awo ka gani."

"Yana kasko, bai hau ba." Na murɗe murfin da ke saman inji na miƙa masa. "Sa yatsa."

Ya leƙa, ya zura yatsa ya shafo. Ya fito a bushe, da ɗan zafi. Ɗaya daga cikin tsofaffin, wanda ya yi aikin motoci a soja, ya karɓi murfin ya duba cikinsa ya ce, "Manjo, yaron ya yi gaskiya. Da mai na hawa, da nan ya jiƙe sharkaf. Minti ɗaya aka ƙara, sai dai ka sayar wa 'yan gwangwan."

Baba ya sauke sanda a hankali. "Ya aka yi ka gane?"

"Da kunne. Na ji saman yana ƙara."

"Cikin wanga tafi?" in ji tsohon. "Kai, Manjo, ashe kana da makanike a gida kake nema a waje."

Baba ya dube ni. Idonsa da yana, amma na san kallona yake, irin kallon da nake nema tun ina aji ɗaya. Da na yi shiru a nan, da labarin ya zama wani. Amma sai na ga Japhet ya buɗe littafinsa yana cewa wataƙila famfon ne ba shi da kyau, mutanen Panteka sun cuce shi, tsofaffin kuma suna gyaɗa kai suna tausaya masa. Wato ko yanzu ma ba laifinsa ba ne.

Na ce, "Famfo lafiyarsa lau. Gaskit ɗinka ne, na rula da biro. Ba ka huda ramin mai ba, na gefen hagu. Takarda ta rufe shi ruf. Da ka ji maganar injiniyan gindin bishiya, da guduma ta nuna maka."

Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, har da Rebecca. Daɗin da na ji bai kai numfashi uku ba.

Japhet ya rufe littafin. Ba da faɗa ya yi magana ba, da mamaki ne. "Na gefen hagu? Ƙanena, kasko a rufe yake tun Talata. Ta ina ka gani?"

Wata kaza ta dawo tana tsattsage a ƙarƙashin motar.

"Amsa masa," in ji Baba.

"Na taɓa shi ne, da kuka shiga cin abinci."

"Ran Talata."

"E."

"Ka ji ramin a rufe."

"Kai ka ce kada in sa hannu."

"Laraba ka kwana gidan ga, Alhamis ka kwana, Juma'a ka ci tuwo tare da ni. Yau ka wanke ta, ka tsaya kana kallo na ba shi makulli." Muryarsa ba ta tashi ba, gara ma da ta tashi. "Shi ka so ka kayar, ko ni?"

Rebecca ta ce wani abu, ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Ya juya wajen abokansa ya ce su yi haƙuri, a sha kunu, tashin mota sai wani jiƙon. Da suka koma inuwa, ya ce da mu, "Ku ɗora ta kan bulo. Kai Japhet kwance kasko. Kai kuma ɗauko gudumarka."

Haka muka kwanta a ƙarƙashinta mu biyu, kafaɗa na gugar kafaɗa, mai na ɗiga mana a fuska. Ya sauke famfon, ya ɓamɓare takardar ya ɗaga ta sama yana kallon inda ramin ya yi mata shaida. Ya daɗe yana kallo.

"Ka san da ta buga, da ban iya ƙara shigowa gidan nan ba," ya ce a hankali.

"Na sani."

"To." Ya miƙo mini sauran takardar. "Nuna mini yadda ake yi."

Na ɗora ta kan fuskar famfon na fara bi da guduma. Ramukan noti suka faɗa, na tsakiya ya faɗa, na mai ya faɗa. Ya karɓa ya gwada a wani guntu, hannunsa ya yi nauyi ya yaga, ya sake, a na uku ya iya. Ko wannan sai da ya ba ni haushi, ni wata biyu na yi kafin Arzika ya daina zagina. Na ce masa ya cika cikin famfon da basilin kafin ya ɗaura, don ya samu abin kamawa ya zuƙo mai tun juyin farko. Ya ce ba ya cikin littafi. Na ce to kada ya sa. Ya aika Rebecca ta kawo nata na shafawa, ta dangwarar a gabana ba ta dube ni ba.

Kafin mu rufe, ya kwance mital biyu, 'yan ƙarafen da karanshaf ke juyi a kansu, muka duba. Sun ɗan yi sheƙi, amma ba su ci ba. La'asar sakaliya muka gama. Wannan karon ya cire fulogi ya yi ta juya injin da batir tukuna, idonmu a kan agogo. Allurar ta yi rawa, ta ɗaga, ta tafi. Da aka mayar da fulogi aka tayar, ta haye sittin ta tsaya cak.

"Ta tashi, Baba," in ji Japhet. "Mika ne ya yanka gaskit ɗin, shi ya ce a sa basilin. Gaskiya ba don shi ba…"

"Na ji gudumar," in ji Baba.

Ya miƙa hannu aka ba shi makulli. Ya juya shi a tafinsa, ni kuwa ina bin makullin da ido kamar ban san abin da na yi ba. Har a lokacin ina sa rai.

"Wanda ya yi kuskure na san maganinsa, koya masa ake yi," ya ce. "Amma wanda ya ga rami a hanya ya koma gefe yana jiran a faɗa, a soja ba mu ba shi gadi, ko da ya fi kowa ido. Yau ka fizge waya. Gobe in muna kan hanya ranka ya ɓaci, ban san ko za ka fizge ba." Ya sa makullin a hannun Japhet. "Golmonka ya karɓu. Ka gaya wa mutanenka su zo."

Ranar fareti na tashi na tarar Japhet ya riga ni, yana wanke motar da sabon soso. Baba ya fito cikin tsohon kakinsa da lambobi uku a ƙirji, wandon ya yi masa yawa. Rebecca ta taimaka masa ya zauna, don kujerar ƙasa take sosai. 'Yan unguwa sun cika ƙofar gida.

Japhet ya tayar, ya ja ta a hankali zuwa bakin titi. Da zai sa giya ta biyu sai ta yi ƙara, ƙurrr, har yara suka yi ihu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina yanzu Baba zai daka masa tsawa.

Sai na ga Baba ya ɗora hannunsa a kan na Japhet bisa sandar giya, ya ja da shi baya a hankali, yana faɗa masa wani abu yana dariya. Giyar ta shiga. Suka miƙe hanyar gari, hannun nasa bai ɗauke ba har suka sha kwana.

Rebecca ta ce in zan je filin in zo mu hau kabu-kabu ɗaya, ta fasa fushi. Na ce ta tafi, ina zuwa. Na koma bayan gida na kwashe bulo huɗun nan na jingine su a bango, na share rumfar, sannan na zauna a ƙasa. Daga nan ana jin ƙarar motar har ta wuce kasuwa.